Yadda za ka saita agogon yunwarka: jagora kan lokutan cin abinci

Duk wanda ya taɓa azumin Ramadan ya san wannan. A ranakun farko, da ƙarfe 1 ko 2 na rana ta yi sai ciki ya fara ƙugi kamar ba za a kai la'asar ba. Ba a sa komai a baki ba, amma bayan awa ɗaya ko biyu sai yunwar ta lafa da kanta. Kafin a kai goma ga wata ta rage leƙowa a wannan lokaci, ta koma jiran magariba. Da a ce rashin abinci a ciki ne kaɗai ke kawo yunwa, da ƙaruwa za ta yi ta yi tun daga sahur har shan ruwa, ba sassauci. Jiki yana haddace lokacin da aka saba ba shi abinci, ya riƙa buga ƙararrawa a daidai wannan lokaci. Abin da aka koya masa kuwa ana iya sake koya masa, kuma wannan shi ne aikin da ke gabanmu.

Masu kai saƙo tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa

Yunwa da ƙoshi a ƙwaƙwalwa ake yanke hukuncinsu, a wani ɗan sashe da ke can ƙasanta mai suna haifotalamos. Labari yana isa wurinsa ta jijiya da kuma ta wasu sinadarai masu yawo a jini, waɗanda likitoci ke kira homon.

Na farko shi ne girelin, mai kiran yunwa. Masana a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, su suka gano shi a 1999. Tumbi ne ke samar da mafi yawansa. Yana hawa gab da lokacin cin abinci, ya sauka cikin kusan awa ɗaya bayan an ci. Abin da ya fi muhimmanci game da shi: hawansa yana bin al'adar mai shi. Wanda ya saba cin abincin rana ƙarfe 1, a nan girelin ɗinsa zai kai ƙololuwa. Wanda ya saba da ƙarfe 4, nasa sai wajen 4. An auna jinin mutanen da suka yini suka kwana ba su ci komai ba, aka ga yana hawa a lokutan da suka saba ci, sannan ya sauka da kansa bayan kamar awa biyu.

Na biyu leftin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano a 1994. Daga kitsen jiki yake fitowa, aikinsa ya shaida wa ƙwaƙwalwa abin da ke cikin rumbu. Ba ruwansa da kwanon da ka ci yanzu, lissafinsa na kwanaki da makonni ne. Idan ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya zo, sai ta ƙara sha'awar abinci ta kuma rage ƙona shi.

Sai masu kawo ƙoshi daga hanji, su uku: CCK, GLP-1 da PYY. CCK yana fita cikin kusan minti 15 da isar maiƙo da furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama, ƙwai da wake) farkon hanji. Sauran biyun daga can ƙasan hanji suka fi fitowa, suna rage saurin da tumbi ke sauke abinci, suna kuma riƙe ƙoshi na awoyi. Alluran rage ƙiba irin su Ozempic da ake ta magana a kai, GLP-1 suke kwaikwayo. Insulin kuma shi ke kwashe suga daga jini bayan an ci.

Me ya sa dare ya bambanta da safiya

Banda al'ada, akwai agogon halitta na awa 24 da hasken rana ke saitawa. A 2013 Frank Scheer da abokan aikinsa a Boston sun raba mutane da hasken rana da agogon bango, suka baje lokutan cin abincinsu ko'ina cikin dare da rana, don su ga yunwar da agogon jiki kaɗai ke kawowa. Suka samu ta fi rauni wajen ƙarfe 8 na safe, ta fi ƙarfi wajen 8 na dare. Shi ya sa mutum zai kwana awa goma bai ci ba ya tashi ba ya jin komai, amma bayan isha'i, ko da ya ci tuwo, idonsa na kan tsire. Wannan ba lalacewar hali ba ne, ya kamata mai fama da shi ya sani.

Matsalar ita ce lokacin da sha'awa ta fi ƙarfi shi ne lokacin da jiki ya fi kasala wajen sarrafa abinci. Kwano ɗaya na shinkafa ya fi ɗaga sugan jini da dare a kan da safe, domin insulin ya fi aiki da safe, kuma melatonin, sinadarin barci da ke hawa awoyi kaɗan kafin kwanciya, yana rage fitar insulin.

A 2022 asibitin Brigham and Women's da ke Boston ya gwada wannan kan mutum 16 masu ƙiba. Abinci iri ɗaya, yawa ɗaya, barci ɗaya, sai dai a wani zagayen an jinkirta kowane ci da kusan awa huɗu. A zagayen jinkirin, yiwuwar su ce suna jin yunwa ta ninka, leftin ya yi ƙasa, kuma jikinsu ya rage ƙona kusan kalori 60 a yini (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa). A shekarar dai, a Jami'ar Aberdeen ta Birtaniya, an ba mutum 30 abincin rage ƙiba ta hanya biyu, kowace mako huɗu: ko kashi 45 cikin 100 da safe, 35 da rana, 20 da dare, ko kuma a juya shi. Nauyin da suka rage ya zo daidai, kusan kilo 3 a kowane zagaye. Bambancin a yunwa ya fito: masu cin mai yawa da safe sun fi samun sauƙinta duk yini.

A riƙe wannan sakamako na biyu da kyau, don ana yawan zuzuta batun. Sauya lokaci shi kaɗai ba ya narkar da teɓa. Amfaninsa shi ne ya sa yunwa ta zama abin da za a iya ɗauka, yadda mutum zai iya cin daidai ba tare da yaƙi da kansa kowane dare ba.

Mataki na 1: kwana uku na rubutu

Kada ka canja komai tukuna. Ka samu takarda ko wayarka, kwana uku a jere, ɗaya daga ciki ya zama ranar hutu. Duk abin da ya shiga bakinka banda ruwa, rubuta lokacinsa: shayi, goro, lemon kwalba, gyaɗar da aka miƙo maka a shago, ɗanɗanon miya a kicin. A gefe ka ba yunwarka maki daga 0 zuwa 10 kafin ka ci, da kuma awa biyu bayan ka ci. Ka rubuta lokacin kwanciya da na tashi.

Abu uku kake nema. Awa nawa ne tsakanin lomar farko da ta ƙarshe a yini? Mutane da yawa za su tarar ya kai 15 ko 16. A wane lokaci kake cin mafi nauyin abincinka? Kuma awa nawa ne tsakanin lomar ƙarshe da kwanciya?

Mataki na 2: kafa lokuta uku, ka tsare su

Wannan ya fi kowane mataki muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Girelin ba zai iya koyon abin da ke canjawa kullum ba. Wanda yau ya karya ƙarfe 7, gobe 11, jibi sai azahar, yunwarsa za ta riƙa zuwa barkatai, kuma duk sanda ta zo abin da ke kusa zai ci, wanda galibi fanke ne ko biskit ko lemo.

Ka zaɓi lokuta uku da tazarar awa 4 zuwa 5 ko 6 a tsakaninsu. Dalilin tazarar shi ne tumbi yana ɗaukar kusan awa huɗu kafin ya sauke cikakken abinci mai gauraye. Ga mai salla, lokutan salla turaku ne da ba sai an sa ƙararrawa ba: karin kumallo tsakanin 7 da 8:30, abincin rana da an idar da azahar, na dare da an idar da magariba. A Kano da kewayenta rana tana faɗuwa tsakanin wajen 6 da 7 gwargwadon lokacin shekara, don haka mai cin tuwonsa tsakanin magariba da isha'i ya gama kafin 8 duk shekara. Wannan ya ba da kusan awa 12 na ci, awa 12 na hutun ciki, kuma ya isa ga yawancin mutane. Ba dole sai an matse zuwa awa 8 ko 6 ba. Wani gwaji na shekara guda a Guangzhou ta Sin, kan mutum 139, bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin masu rage abinci suna ci daga 8 na safe zuwa 4 na yamma da masu rage abincin kawai.

Sassaucin da aka yarda da shi rabin awa ne zuwa awa ɗaya, gaba ko baya, har da Asabar da Lahadi.

Idan yanzu ƙarfe 10 kake cin abincin dare, kada ka yi tsalle zuwa 7 a rana ɗaya. Za ka ci a 7 ba tare da sha'awa ba, girelin ya zo a 10 kamar yadda ya saba, ka sake ci, ka tashi da abincin dare biyu. Ka riƙa matso da shi da rabin awa kowane kwana uku. Daga 10 zuwa 7:30 zai ɗauki kusan mako biyu.

Mataki na 3: matso da nauyin abincin gaba

A gidaje da yawa tsarin a juye yake: koko ko shayi da biredi da safe, ɗan abin taɓawa da rana a wurin aiki ko kasuwa, sannan babban kwano da dare lokacin da kowa ya dawo. Mai wannan tsari yana isa magariba da bashin yunwar yini guda, a daidai lokacin da agogon jiki ma ke ƙara ta. Malmala biyu ba za ta ishe shi ba.

Ba sai ka lissafa kalori ba. Ka ɗauki abin da kake ci a yini a matsayin kashi goma, ka nufi huɗu da safe, huɗu da rana, biyu da dare, ko uku, huɗu, uku idan na farkon ya yi maka tsauri. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda iyaye suka daɗe da ita: idan malmala biyu ka saba ci da dare, ci ɗaya, a ajiye ɗayar ta zama ɗumamen safe. Ba ka rage komai ba, ba ka ƙara kashe ko kwabo ba, ka dai sauya masa wuri. A ɗumama shi ya yi zafi sosai har ciki, miyar ma a tafasa ta, musamman lokacin bazara.

Za ka ce ba ka jin yunwa da safe. Gaskiya ne, kuma dalili biyu ne: agogon jiki, da tuwon jiya da ka ci ƙarfe 10. Idan na daren ya ragu ya kuma matso, cikin mako guda yunwar safe za ta fara bayyana. Kafin nan ka fara da kaɗan, ƙwai ɗaya da kofin kunu, kana ƙarawa. Kuma ba lallai sai da asuba ba. Wanda ya karya ƙarfe 9 da hantsi kullum bai yi laifi ba.

Wannan mataki ba na mutum ɗaya ba ne. Idan uwargida ce ke girki, sauke tuwo kafin magariba yana nufin ɗora tukunya tun bayan la'asar, ga yara sun dawo daga Islamiyya, ga sauran aiki. Sai an zauna an yi shawara. Idan maigida ba ya dawowa sai 9, mafita ita ce ya ci babban abincinsa da rana a inda yake, ko a ƙulla masa daga gida, na dare ya zama mara nauyi, yara da uwarsu kuma su ci nasu da wuri.

Mataki na 4: abin da ke cikin kwanon

Lokaci mai kyau da abinci mara riƙe ciki ba zai kai ka ko'ina ba. Furotin ne ya fi kowane nau'in abinci danne girelin na dogon lokaci da tayar da PYY da GLP-1. Ka nemi giram 20 zuwa 30 a kowane ci, musamman na safe, inda aka fi rasa shi. Ga ƙiyasi: ƙwai ɗaya giram 6, kofi ɗaya na dafaffen wake kusan 13, kofin kindirmo kusan 8, cikin tafin hannu na gyaɗa kusan 7, dafaffen nama ko kifi mai girman tafin hannu 20 zuwa 25. Awara, ƙuli-ƙuli, alale da ƙosai duk suna cikin masu arha da ke cike wannan gurbi.

Saboda haka koko da suga shi kaɗai ba karin kumallo ba ne ga mai son ya kai azahar. Ruwa-ruwa ne, yana barin tumbi da wuri, sugansa ya hau da sauri, insulin ya bi shi, bayan awa biyu zuwa uku sugan jini yana iya faɗowa ƙasa da inda ya fara. Wannan faɗuwar ce ke zuwa da kasala, hamma da neman abin zaƙi wajen ƙarfe 10 ko 11. Haka shayi mai cokali uku na suga da farin biredi yake yi. Koko da ƙosai ko alale, shayi da ƙwai biyu, ɗumame da miyar kuka mai wake ko kifi, fura da nono ba suga, ɗanwake da ƙwai, waɗannan su ke riƙe mutum.

Sai ganye da hatsin da ba a cire masa dusa duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla giram 25 na faiba a yini, wato ɓangaren ganye da dusar hatsi da ciki ba ya narkarwa. Wake, zogale, rama, kuɓewa, kuka, kabeji, gero da dawa duk suna da ita. Garau-garau ya fi farar shinkafa da mai riƙe ciki saboda waken da ke ciki, kuma gwargwadon yawan waken gwargwadon riƙon.

Abin sha mai zaƙi kuwa, jiki ba ya lissafa shi a matsayin abinci yadda ya kamata. Yawancin lemon kwalba na da kusan giram 10 na suga a kowane mililita 100, wato roba mai santilita 50 ta kai ƙaramin cokali 12. Ka sha ta, ka kuma ci abincinka cif kamar ba ka sha ba. Zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa ma a yi hattara da su.

Mataki na 5: ba kwanon minti 20

Saƙon ƙoshi daga hanji ba ya isa nan take. A wani gwaji a Girka an ba mutane askirim iri ɗaya, wani zagaye su shanye cikin minti 5, wani cikin minti 30, kuma PYY da GLP-1 sun fi hawa a zagayen da aka sha a hankali. Ka zauna, ka ajiye waya, ka fara da ganye da nama ko wake kafin tuwo ko shinkafa. Idan ci ake a kwano ɗaya da jama'a, inda mai jinkiri ke tashi da yunwa, ɗebi naka a faranti. Ka gama kana son ƙari, jira minti 10 tukuna.

Mataki na 6: rufe ci, ka tsare barci

Lomar ƙarshe ta kasance aƙalla awa uku kafin kwanciya. Bayan nan sai ruwa ko shayi mara suga kuma mara kafeyin (sinadarin da ke hana barci a kofi, goro da ganyen shayi), kamar na citta ko na'a-na'a. Wannan yana kuma rage ƙwannafi. Teburin mai shayi da ƙarfe 11, Indomie biyu da ƙwai da shayi mai kauri, cikakken abinci ne na huɗu, ko da ana kiransa hira.

Barci kansa yana cikin lissafin yunwa. A 2004 a Jami'ar Chicago an sa samari 12 sun yi dare biyu suna barcin awa 4, aka kwatanta da dare biyu na awa 10. Leftin ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya ƙaru da kashi 28, yunwa ta ƙaru da kashi 24, kuma kayan zaƙi da na gari suka fi ja musu rai. Babba yana bukatar aƙalla awa 7. Mai tashi asuba ƙarfe 5 ke nan ya kwanta 10, ko ya cike da ƙailula ta minti 20 zuwa 30. Goro, kofi da shayi mai ƙarfi a dakatar da su daga la'asar, domin rabin kafeyin yana nan a jini kusan awa biyar bayan an sha.

Idan yunwa ta zo ba a lokacinta ba

A mako na farko da na biyu za ta zo, a tsoffin lokutanta. Ka sha kofin ruwa, ka tashi ka kama wani aiki, ka ba ta minti 20 zuwa 30. Yawanci kamar igiyar ruwa take, za ta wuce. Gwajin da ke raba yunwa da ƙwalama mai sauƙi ne: da za a ba ka dafaffen wake ba mai ba yaji, za ka ci? Idan e, yunwa ce, ka ci ɗan abu mai furotin, gyaɗa ko ƙwai ko kindirmo. Idan sai dai cincin ko tsire, ƙwalama ce.

Idan tsakanin abincin rana da na dare ya wuce awa 6, ka sa ɗan abin taɓawa bayan la'asar a cikin tsarin, kullum a lokaci ɗaya. Wanda aka tsara daban yake da ciye-ciyen da ba shi da lokaci.

Ga inda aka fi samun tangarɗa. Wanda har mako na uku yunwar dare ba ta sake shi ba, kusan kullum abincin safe da na rana ne suka yi kaɗan: ya rage na dare bai mayar da shi gaba ba. Wanda ke jin jiri da ciwon kai da hantsi, ya duba suga a karin kumallonsa da kuma ruwan da yake sha, musamman a watannin zafi. Wanda ya haɗa sauya lokaci da rage abinci sosai a mako guda, jikinsa zai yi masa tawaye, domin rage nauyi da kansa yana ɗaga girelin ya sauke leftin. Wani bincike a Melbourne ta Ostireliya a 2011 ya nuna wannan sauyi yana nan har shekara guda bayan an rage nauyin. Don haka a fara da lokaci, a bar yawan abinci yadda yake na mako biyu zuwa uku, sannan a taɓa yawa idan ana bukata. Biki ko tafiya ta ɓata yini guda, gobe a koma kan lokaci. Kada a rama da ƙin karyawa, wannan shi ke mayar da mutum gidan jiya.

Azumi da aikin dare

A Ramadan tsarin yana juyawa dole, amma dokokin suna nan. Jinkirta sahur zuwa gab da alfijir, wanda shi ne sunna, ya dace da abin da aka sani game da girelin, kuma nan ne wurin furotin da faiba: wake, ƙwai, nono, tuwon gero ko dawa da miyar ganye. Mai cika ciki ƙarfe 12 na dare ya kwanta ya tsallake sahur ya ƙara wa azuminsa awa biyar a banza. Wajen buɗa-baki, dabino da ruwa da ɗan kunu, a yi salla, sannan a ci abinci. Wannan tazarar ta minti 15 zuwa 20 ita ce lokacin da saƙon hanji ke bukata. Abin da ke sa wasu su fito daga azumi da ƙarin nauyi shi ne ci ba tsayawa daga magariba zuwa tsakar dare, ga soye-soye, ga gajeren barci. Bayan Salla kuma a koma lokuta uku tun daga rana ta biyu, kafin ciki ya zaɓa wa kansa wasu.

Masu aikin dare, ma'aikatan jinya, masu gadi, direbobin dogon zango, agogon jikinsu ba ya juyawa gaba ɗaya ko da sun shekara suna yi. Su ci babban abinci kafin fita aiki, wajen magariba. Tsakanin 12 na dare da asuba a tsaya kan abu mara nauyi idan yunwa ta matsa, kamar gyaɗa, ƙwai, kindirmo ko ayaba. In an dawo a ci ɗan karin kumallo kafin a kwanta don kada yunwa ta katse barci, a kuma daina shan kofi ko cin goro awa biyar zuwa shida kafin lokacin kwanciyar.

Waɗanda za su fara ganin likita

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin glibenclamide da gliclazide kada ya matsar da lokacin cin abinci sai da sanin likitansa, domin maganin zai yi aikinsa ko an ci ko ba a ci ba, suga ya faɗi. Alamominsa karkarwa, gumi, bugun zuciya da ruɗewa, kuma maganin gaggawa shi ne kusan giram 15 na suga, wato ƙaramin cokali huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Mai juna biyu, mai shayarwa, yara masu tasowa, mai sikila, tsoho mai rama, da wanda ya taɓa fama da cutar ƙin cin abinci ko ci ba iyaka, tsayayyun lokuta za su amfane su, amma dogon zama ba ci ba nasu ba ne. Mai gyambon ciki ya sani cewa yawancinsa ƙwayar cuta ce mai suna H. pylori ko magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen ke kawo shi, kuma yana da magani, tsara lokaci kaɗai ba zai warkar da shi ba.

Akwai yunwar da ba ruwanta da agogo. Idan tana tare da ƙishirwa mai yawa, yawan fitsari da rama, a auna suga a makon nan. Idan tana tare da rama, bugun zuciya, rawar hannu da rashin jure zafi, a duba maƙoƙo. Magunguna irin prednisolone, dexamethasone, cyproheptadine da olanzapine suna buɗe ciki sosai, kuma irin su dexamethasone da cyproheptadine ne ake yawan samu a haɗin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, wanda ke iya jawo hawan jini da ciwon suga. Wanda ya daɗe yana shan prednisolone ko dexamethasone kada ya yanke su rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa a hankali. Ka tafi asibitin da kwalayen duk abin da kake sha, da takardar nan ta kwana uku.